Gyaran Mota ta Hanyar Kallon Bidiyo: Abin da Na Koya da Kuskuren da Na Tafka

Ni ɗan ajin ƙarshe ne na difloma, kuma akanta nake karanta, don haka kada wani ya zaci injiniya ne yake magana. Shekara biyu baya ban san bambancin fulogi da fiyus ba. Larura ce ta sa na fara leƙa ƙarƙashin bonet. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana gida da mota ɗaya, Toyota Corolla ƙirar 2005, irin 'yar Kwatanon nan da aka fara hawa a Amurka kafin ta iso mana. Yayana ne yake haya da ita a cikin gari. Daga abin da take kawowa ake cefane, daga nan ake biya min kuɗin makaranta. Duk ranar da motar ta kwana a gareji, washegari Umma sai ta rage awo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ɗan abin da ke saura bayan an sha mai ya ƙara tsukewa, har ya zama kowace ziyara wurin bakanike tashin hankali ce a gidanmu.

Na rubuta wannan ne saboda na san ba ni kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu akwai wata tsohuwar mota a gida da kowa ya dogara da ita, kuma mu ne masu waya da data. Bidiyo zai iya koya maka aiki sosai, na gani da idona. Amma akwai yadda ake kallonsa, akwai kuma inda ya kamata mutum ya tsaya. Ni sai da na yi asara kafin na gane na biyun.

Yadda abin ya fara

Wata rana a semistar farko Yaya ya dawo da wuri ransa a ɓace. Motar tana karkarwa in ta tsaya a danja, ba ta da ƙarfin hawa gada, ga fitilar nan mai hoton inji, wadda direbobi ke kira cek, tana walƙiya a dashbod. Ya tsaya wurin wani bakanike a bakin titi, mutumin ya saurari inji na minti ɗaya ya ce a sayo fulogi huɗu, a sayo kwayil huɗu, a wanke nozul, in bai daina ba sai a duba famfon mai. Da muka yi lissafi, kuɗin ya kusa kai rajistata ta zango guda.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na shiga YouTube ina nema, a nan na fara jin labarin abin da ake kira OBD-II. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda kwamfutar mota ke faɗin abin da ke damunta. A Turai ma an wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001. Akwai wata 'yar na'ura mai suna ELM327, girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, kana soka ta a kafar sai ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Wani abokina a sashen lantarki yana da ita, ya ara min.

Da muka soka, waya ta nuna P0302. Ga yadda ake karanta irin wannan lamba: harafin P yana nufin matsalar tana ɓangaren inji ko giya, 030 ɗin na nufin wuta ba ta kamawa daidai a cikin silinda, lambar ƙarshe kuma ita ce silindar da abin ya shafa. Wato silinda ta biyu ce ke fashi. Amma lambar ba ta ce kwayil ne ko fulogi ne ko nozul ba. Wuri kawai ta nuna. Sai wani bidiyo ya koya min dabarar da ba ta cin ko kwabo. A injin motarmu kowace silinda da nata kwayil a saman fulogi, noti ɗaya mai lamba 10 ne ke riƙe da shi. Ka cire kwayil na biyu ka musanya shi da na uku, ka goge lambar, ka zaga da motar. In lambar ta koma P0303, to matsalar ta bi kwayil ɗin, shi ne mai laifi. In ta tsaya a P0302, ka bar kwayil ka duba fulogi. Muka yi haka, kafin mu kai ƙarshen layinmu lambar ta koma P0303. Kwayil ɗaya muka saya, karkarwa ta ɗauke.

Darasin farko ke nan, kuma shi ne mafi girma: kafin ka nemi bidiyon yadda ake canza abu, nemi bidiyon yadda ake gane ko abin ya lalace. Yawancin kuɗin da mutane ke zubarwa a kan mota a canje-canjen ƙila-wa-ƙala yake tafiya. Wani abu kuma da na koya a ranar: in fitilar cek tana walƙiya, ba kunne kawai take ba, kada a ci gaba da tuƙi, domin ɗanyen mai yana gangarawa salansa yana iya ƙona katalis, wanda ya fi kwayil tsada nesa ba kusa ba.

Yadda ake zaɓen bidiyo

Ka fara da sanin motarka. Cewa "Corolla ce" bai isa ba. Akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, ana kiranta VIN. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar ƙira. Tamu 5 ce, wato 2005. Sunan inji kuma yana kan takardar da ke manne a cikin bonet; namu 1ZZ-FE ne, mai lita 1.8. In za ka yi bincike, rubuta duka: sunan mota, shekara, inji, da lambar da ka gani, kamar "Corolla 2005 1ZZ-FE P0302". Dalili kuwa, Corolla 'yar Amurka ta 2003 da ta 2005 kamanninsu kusan ɗaya, injinsu ɗaya, amma ta 2003 totur ɗinta da waya ake jan sa, ta 2005 kuma kwamfuta ce ke buɗe shi. Na taɓa ɓata rabin yini ina laluben wani bawul da mai bidiyo ke wankewa, ashe babu shi sam a motarmu.

Na biyu, kada ka dogara da bidiyo ɗaya. Kalli uku na mutane daban-daban. Abin da duka ukun suka yi iri ɗaya, shi ne ainihin aikin. Inda suka saɓa, nan ne za ka tsaya ka yi tambaya. Tashoshi irin su ChrisFix da EricTheCarGuy sun shahara saboda suna kusanto da kyamara suna bayani daki-daki. Ni dai na fi yarda da mai faɗin dalilin abin da yake yi, da mai nuna inda noti ya ƙi kwancewa da yadda ya yi da shi. Wanda ya gama aikin awa uku a minti huɗu da kiɗa a baya, ya yanke wahalar ne, kai kuma wahalar ce za ta tare ka. Kallon kitse kake wa rogo.

Na uku, in Turancin mai bidiyon ya yi maka sauri, ba abin kunya ba ne. Rage gudun bidiyon zuwa 0.75, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa. Ni nakan sauke bidiyo da datar dare, in kalle shi da biro da takarda kamar ina lakca, in rubuta matakai da lambar kowace sifana.

Na huɗu, ka tuna yawancin masu bidiyon nan ba a ƙasarmu suke ba. Ba'amurke zai ce maka mil, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ce, in ya ce a yi juyen baƙin mai bayan mil 5,000, kilomita 8,000 yake nufi. Motar da ta fito daga can ma agogonta da mil yake ƙirga, abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. Galan ɗinsu kimanin lita 3.8 ne. Su damuwarsu ƙanƙara da tsatsa, mu tamu ƙura da zafi da cunkoso. Matatar iskar da za ta yi masa shekara, mu hunturu ɗaya ya isa ya toshe ta. Don haka ka ɗauki hanyar aikin daga wurinsa, amma lokacin yin aikin ka auna shi da titin garinku.

Ranar da na je neman gira

Bayan nasarar kwayil sai kaina ya fara girma. Na yi juyen mai da kaina, na canza matatar iska, na goge kan batir. Har Yaya ya fara kirana injiniya, ni kuma ina jin daɗi.

Ana saura kwana tara a rufe rajistar wannan zangon, fitilar cek ta sake kamawa. Lambar P0171 ce, ma'anarta iskar da ke shiga inji ta fi man da ke haɗuwa da ita yawa. Motar tana tafiya lafiya, ba abin gaggawa ba ne. Na bincika na ga ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo hakan a irin motarmu shi ne dattin wata na'ura da ke auna iska, ana ce mata MAF, tana nan daf da akwatin matatar iska, sukuru biyu ne ke riƙe da ita. Bidiyon minti tara ne. Na kalli inda ya cire ta, na ga yana fesa mata wani abu, sai na ja gaba saboda datata ta kusa ƙarewa, na ce ai na gane. Ba ni da irin abin feshinsa, sai na ɗauko na wanke kafireto. Da na leƙa ciki na hango wasu 'yan siraran wayoyi da baƙin datti a jiki, na sa auduga mai tsinke na goge su tas.

Da na mayar, motar ta tashi ta mutu. Ta sake tashi ta mutu. Sabuwar lamba ta fito, P0102. Na ranci data na koma bidiyon, wallahi a daidai wurin da na tsallake mutumin ya tsaya ya ce abu biyu: kada a taɓa wayoyin nan da komai, kuma kada a fesa musu komai sai maganin da aka yi musamman dominsu. Abu biyu ya hana, duka biyun na yi. Garin neman gira na rasa ido.

Motar ta yi kwana huɗu ba ta fita ba, ga kuɗin wata na'urar. Yaya bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Umma ce kawai ta ce, "Kai da ka ce za ka rage mana kashe kuɗi." Na yi rajista ana saura kwana ɗaya a rufe, da kuɗin da ta karɓo na adashinta kafin lokacin ɗaukarta ya yi. Har yanzu in na tuna sai na ji nauyi.

Wurin Baba

Akwai wani dattijon bakanike, abokin mahaifinmu ne, a kan Fijo 504 ya koyi sana'a. Wurinsa muka ja motar. Na gaishe shi na ba shi labari kaina a ƙasa. Ya juya na'urar a hannunsa, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wanda ke cikin wayar ya san mota, ban musa ba. Amma shi ba ya ganin hannunka." Na ce, "Haka ne Baba." Shi ya raka ni muka samo wata na'urar, ya nuna min yadda ake gwada lambar da ke jikin tsohuwar da ta sabuwar kafin a biya kuɗi, ya kuma sa mai kayan ya yarda a dawo da ita in ba ta yi ba.

Bayan an ɗaura, mota ta tashi, amma kwana biyu P0171 ta dawo. Ashe tun farko ba na'urar ce ke da laifi ba. Baba ya sa aka tayar da inji da sassafe yana sanyi, ya kara kunne, ya ce yana jin iska tana shiga ta wani wuri. Gaskit ɗin bututun da ke kai iska cikin inji ne ya bushe. Wato na karya dokar da ni da kaina na koya a ranar kwayil: na yi gyara ban tabbatar da cuta ba.

Yanzu duk Asabar da ba ni da lakca ina garejinsa. Shi ba ya harka da sikana, ni nake karanta masa lambobi a waya. Ni kuma a wurinsa na koyi abin da kyamara ba ta iya ɗauka: yadda hannu ke jin noti ya ɗauru kafin ya lalata zare, ƙamshin kuloci in ya fara ƙonewa, bambancin ƙarar boris da ta taya. Mun sha yin gardama kuma. Shi yana ganin a ƙasa mai zafi gara a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, ni kuma na nuna masa cewa injin da kwamfuta ke sarrafawa yana buƙatar ya kai zafinsa da wuri, in ba haka ba ya riƙa shan mai. Bai ce na yi gaskiya ba, amma bai cire namu ba.

Inda za ka fara, da inda za ka tsaya

In kana son farawa, fara da ayyukan da ko ka yi kuskure ba za su kashe mota ko mutum ba. Duba baƙin mai da sandarsa a wuri mai daidai, inji a kashe. Karanta lambar man da aka rubuta a murfin inji ko littafin mota. Namu 5W-30 ne. Canza matatar iska. Auna iskar taya da safe, ka bi lambar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba wadda ke jikin taya ba. Koyi gane fiyus ɗin da ya ƙone, kuma ka maye shi da mai lamba irin tasa, kada ka naɗa waya a wurin. Koyi auna batir da mita: lafiyayyen batir in mota tana kashe yana nuna kusan bolt 12.6, in tana kunne kuma tsakanin 13.5 da 14.5, in bai haura ba bayan an tayar, altaneta za ka zarga kafin ka sayi sabon batir. In ka kai ga fulogi, bari inji ya huce, domin kan injin na alminiyom ne, kuma ka fara ɗaura shi da hannu kafin ka sa sifana. Kayan aikin farko ba su da yawa: sifana masu lamba 8, 10, 12 da 14, sukundireba iri biyu, filaya, mita, da tocila. Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa da waya, kuma ka jera notuna a kan kwali yadda ka ciro su.

Akwai kuma dokokin da ba a wasa da su. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an sa mata ƙafafun ƙarfe an kuma toshe tayoyi. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana cikin matsi, zai yi tsartuwa ya saɓule maka fata. In za ka cire batir, fara da kan da ke da alamar ragi, in za ka mayar kuma shi ne na ƙarshe. Cire zobe da agogo. Kada ka kusanci fambel da babbar riga ko hannun kaftani a sake. 'Yan uwa mata, ku ma ku tattare mayafi, kuma fankar lantarki tana iya tashi da kanta. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen wuri, hayaƙinsa irin na janareto ne da muke jin yana hallaka iyali cikin dare.

Abubuwan da ni har yau ba na taɓawa ni kaɗai su ne bututun man birki, cikin giya, gas ɗin esi, da duk wayar da ke da kan haɗi ruwan ɗorawa, domin na jakar iska ce. In motar mai haɗin batir da fetur ce, irin su Prius, manyan wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce in tambayi abu biyu kafin na ɗauki sifana: in na ɓata wannan aikin, nawa za mu yi asara, kuma wa zai iya jin ciwo? Motarmu fasinja take ɗauka, mutanen da ba su san wani ɗan akanta ya kwance musu birki da daddare ba.

Ko da ba za ka taɓa riƙe sifana ba, kallon bidiyon nan yana da riba. Yanzu in Yaya ya kai mota gyara, yakan kira ni in karanta lambar tukuna. In an ce a canza abu, muna tambaya yaya aka gane shi ne, kuma muna karɓar tsohon da aka cire. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Na'urar da na lalata tana nan a cikin lokata a hostal, Baba ne ya ce in ajiye ta. Kuɗin adashin Umma kuwa na biya rabi daga ɗan abin da nake samu a garejin, saura rabi nake fatan kammalawa kafin mu gama jarrabawar ƙarshe, in sha Allah. Duk wanda ke son ganin yadda ake karanta lambobin nan, ya neme ni ta ofishin ƙungiya. Ya zo da sunan motar gidansu da shekararta, ni zan aro sikanar.